Mu Ne Muke Buga Musu Ganga

Ranar Talatar da ta wuce, tsakanin Magariba da Isha'i, ina kan hanyar komawa gida daga shago sai na tarar da cincirindon mutane a wani lungu da ke bayan Ƙofar Marusa a nan birnin Katsina. Na ɗauka haɗari aka yi. Da na jingine babur na kutsa ciki, sai ga wani yaro da bai wuce shekara 17 ba kwance jina-jina, kauraye sun sare shi a kafaɗa saboda ya hana su wayarsa. Mutanen da ke wurin sun haura talatin, yawancinsu samari majiya ƙarfi. Wallahi wayoyin da aka ɗaga ana ɗaukarsa sun fi goma, kowa ya kunna fitila yana haska masa fuska. Har na ji wani yana ce wa na gabansa, "Malam matsa mana, ka tare mini." Wani dattijo mai sayar da itace ne ya cire hiraminsa ya danne wurin saran, ni da wani mai Napep muka ciccibe shi. Kafin mu isa asibiti, bidiyon ya riga mu isa gidansu. A wayar maƙwabciya mahaifiyarsa ta ga ɗanta yana shure-shure.

Ƙannena, tun daren nan abin yake ci mini rai, shi ya sa na ce bari in yi magana da ku, don da yawanku na san iyayenku, wasunku ma a gabana aka raɗa musu suna.

Kullum a majalisa tambaya ɗaya ake yi: me ya sa kisa da ta'addanci suka yi yawa a wannan zamani? Ni ban ce ba su ƙaru ba. Wanda ke da dangi a Batsari, ko Safana, ko Jibiya, ko Faskari, ko Ɗanmusa, ba sai an ba shi labari ba, jiki magayi. Tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a Libiya a 2011 makamai suka bazu cikin Sahara, wasu suka gangaro har dajin Rugu. Satar shanu da a da ake yi da sanda da adda ta koma ta AK-47. Burtali ya zama gona, makiyayi da manomi suka daina ganin ga-maciji, aka yi ta zalunci ba mai raba gardama da adalci, ramuwar gayya ta haifi wata ramuwar. Daga baya aka gane ɗaukar mutum ya fi korar shanu kawo kuɗi. A Daura, a watan Mayun 2019, har ƙofar gidansa aka je aka ɗauki Magajin Gari, sai da ya yi wata biyu a hannunsu. A watan Disambar 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, yara 344 aka sako bayan kusan mako guda. Ruwa ba ya tsami banza, duk waɗannan dalilai na nan, kuma akwai masu alhakinsu da za su amsa a gaban Allah.

Amma akwai namu kason, kuma a kansa nake son tsayawa, don shi ne wanda yake hannunmu a zahiri, cikin aljihun kowa.

Tashin hankali ba yau ya fara ba. A watan Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano, nan kusa da mu. Ina yaro lokacin. Abin da na tuna shi ne mahaifinmu ya kara rediyo a kunne, ya yi salati, ya ce mu yi wa mutanen Kano addu'a. Ko gawa ɗaya ban gani ba. Yau yaro ɗan shekara 10 ya ga yankan rago da aka yi wa ɗan Adam ya fi sau nawa kafin ya sauke izu biyar. An yi kisa ɗaya a ƙauye, amma sai an kalle shi sau dubu a birni, a turo maka a zauren 'yan ajinku, a turo a na dangi, a turo a na masallaci, gobe wani ya sake ɗora shi ya ce sabo ne. Na sha ganin bidiyon wata ƙasa, ko na shekarun baya, an rubuta a ƙasansa wai yanzu-yanzu a hanyar Jibiya. Mata su kwana ba barci, ɗan kasuwa ya fasa tafiya, shi kuwa wanda ya tura ya yi minshari abinsa. Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. A Suratun Nisa'i Allah ya zargi waɗanda in labarin aminci ko na tsoro ya zo musu sai su yi ta yaɗa shi, maimakon su mayar da shi ga waɗanda suka san yadda za a yi da shi. Mun karanta wannan a Islamiyya, amma yatsa ya fi karatun sauri.

Ku tsaya ku yi tunani, me ɗan ta'adda yake nema? Ɗan dambe ba ya shiga fili in ba makaɗi ba 'yan kallo. Wanda ya kashe mutum goma a ƙauye, so yake mutum dubu ɗari su ji tsoronsa, don tsoron nan shi ne jarinsa, da shi yake sa wa gari haraji, da shi yake hana noma, da shi yake tsawwala kuɗin fansa. A da sai ya nemi wanda zai kai masa saƙo. Yanzu mu ne maroƙansa, mu ne 'yan ma'abbansa, kuma da datarmu muke yi masa aikin. Mutumin da ya shiga masallatai biyu a ƙasar Niyu Zilan ranar wata Juma'a a watan Maris na 2019 ya kashe Musulmi 51, kyamara ya ɗaura a kansa yana watsa abin kai tsaye a Facebook. Kamfanin da kansa ya ce cikin kwana ɗaya ya goge ko ya tare bidiyon har sau miliyan 1.5. Mutum ɗaya ya yi harbin, amma wa ya yi ta ɗorawa? Na san Musulmin da suka tura shi suna cewa wai don a ga zalunci. Ai abin da azzalumin ya roƙa ke nan, a gani.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na TikTok. Ɗan bindiga ya zauna a gindin bishiya, bindiga a cinya, ya baje damin kuɗi, yaranmu na birni suna binsa, suna yi masa kirari, wasu har da tura lambar asusu suna cewa a taimaka musu. Subhanallahi! Kuɗin nan fa gonar wani ce da aka sayar, shanun huɗar wani ne, kayan ɗakin wata ne da aka kai kasuwa don a karɓo mijinta, wani ma an karɓi kuɗin ba a sako shi da rai ba. Kai kuma ka buɗe baki ka ce masa oga. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da ya ga ana girmama mai bindiga, ya ga malamin makarantarsa yana neman bashin kuɗin mota, wanne kuke zaton zai so ya zama?

Kada wani ya ce mini ai ni kallo kawai nake yi. Kallon ne yake kashe zuciya. Farkon ganinka da gawa a waya ka kasa cin abinci, na goma ka ce Allah ya kyauta, na ɗari kana kallo kana shan shayi kana dariyar wani abu. Samarin da suka tsaya a kan yaron nan ba mugaye ba ne, na san biyu daga cikinsu, suna sallah a sahun gaba. Ido ne ya saba, har ya kai jini a gabansu ya zama abin ɗauka. Daga wanda jini bai dame shi ba zuwa wanda zai iya zubar da shi tazarar ba ta da yawa, musamman in an haɗa da ƙwaya. Ga tiramol, ga kodin da aka hana tun 2018 amma har gobe ana samu, ga sholisho. Wa yake sayar musu? Ɗan gari ne. Wa yake kai wa na daji fetur da burodi da katin waya, wa yake gaya musu wane ya sayar da hatsi jiya? Infoma, ɗan gari ne shi ma, da ɗan gari akan ci gari. Su ma 'yan siyasar da ke tara kauraye lokacin zaɓe, su ba su 'yan kuɗi da kayan maye, in an rantsar da su su watsar, ina suke zaton waɗannan wuƙaƙen za su je? Kan wuyan 'ya'yan talakawa suke komawa, a kan wayar da ba ta kai kuɗin buhun masara ba.

Na san za a ce in ba a nuna ba gwamnati ba za ta motsa ba. Akwai gaskiya a ciki. A watan Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, kisan bai tsaya ba, mu ne dai muka daina ji, mutane suna mutuwa ba mai iya kiran agaji. Don haka ban ce a yi shiru ba. A faɗa, a rubuta, a ambaci sunan garin da yawan waɗanda aka rasa, a matsa wa wakilai. Da aka buɗe wa masu sallar Asuba wuta a Unguwar Mantau ta Malumfashi a watan Agustan 2025, duniya ta ji, kuma ya kamata ta ji. Amma faɗin labari daban, tallan tsiraicin mamaci daban. Me hoton fuskar dattijon da aka harba a sahu ya ƙara wa labarin, in ban da ƙuna ga 'ya'yansa? Addininmu ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Likkafani ma don sutura aka yi shi.

Mu fa Katsinawa kirarinmu kunya gare mu ba dai tsoro ba. Ina kunyar take yanzu? Na taso a garin nan in an ɗauko gawa, mai shago yakan miƙe tsaye, mai keke ya sauka, mai rediyo ya kashe, yara su ɓuya a zaure. In mutum ya faɗi a hanya, zani ake fara nema a rufe shi, mace ta cire mayafinta ta bayar ba tare da ta san ko ɗan waye ba. In samari biyu suka kaure, duk babban da ya zo wucewa zai ɗauki bulala ya raba su, ya kai kowa gidan ubansa a ƙara masa. Ɗa na kowa ne a lokacin. Mai unguwa ya san baƙon da ya kwana a unguwarsa kafin gari ya waye. Yau ka tsawata wa yaro, uwarsa ta yanko mayafi ta zo ƙofar gidanka, ko shi yaron ya tare ka da dare. Dattawa sun ja bakinsu sun yi shiru, iyaye sun sayi waya sun miƙa wa yaro don ya bar su su huta, ba wanda ya san abin da yake kallo har ƙarfe biyun dare. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun bar namu a rana. Garin Wali Ɗanmarina da Ɗanmasani, garin da ake zuwa neman ilimi tun daga nesa, yau a nan ne yaro zai kwanta yana zubar da jini ana gyara masa haske.

Ku ji tsoron Allah, ƙannena. In abin ya zo wayarka, ya mutu a wurinka. In ka tarar da wanda aka ji wa ciwo, aljihu ne wurin waya, hannu biyu ake buƙata. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa ake cewa, ba a ce ka tsaya ɗaukar hoto ba. Wanda ka ɗauka yau, ba ka san wa zai ɗauke ka gobe ba, kuma ba ka san a wayar wa tsohuwarka za ta gani ba.

Yaron yana nan da rai, alhamdu lillahi, an yi masa ɗinki, sai dai hannun har yanzu ba ya ɗaguwa. Jiya na je duba shi. Mahaifiyarsa ta roƙe ni, tana kuka, in gaya wa mutane don Allah su goge bidiyon, ƙannensa mata sun ƙi zuwa makaranta saboda ana nuna musu. Na ce mata to. Ina fitowa daga gidan wayata ta yi ƙara, wani abokina ne da muka yi firamare tare ya turo mini shi, ya rubuta a ƙasa wai a Funtuwa aka yi yau da safe.