Chuck Grassley ba lauya ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka Sanata Chuck Grassley lauya ne, saboda shi ya shugabanci kwamitin shari'a na Majalisar Dattawan Amurka lokacin tantance alƙalan Kotun Ƙoli, Neil Gorsuch a 2017 da Brett Kavanaugh a 2018. Ba haka ba ne. Kimiyyar siyasa ya karanta.

Manomi ne ɗan jihar Iowa, haifaffen 1933, mai ra'ayin 'yan mazan jiya a jam'iyyar Republican. Gonar iyalinsa masara da waken suya take nomawa, kuma ya yi aikin ƙarfe a masana'anta. Yana Majalisar Dattawa tun 1981. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake zagaya gundumomi 99 na jiharsa kowace shekara, yana sauraron jama'a.