Ba Tsada Ke Sa Murhun Gashi Ya Yi Ƙarko Ba

Ana yawan maimaita cewa ƙaramin murhun gashi na gawayi, irin wanda ake ɗauka zuwa kwanan daji, ba ya ƙarko sai mai tsada, kuma masu faɗin haka suna da hujja, tunda masu araha sukan huje da wuri. Sai dai galibi tokar da aka bari a ciki ce ke cinye ƙarfen, domin tana riƙe danshi har tsatsa ta kama. Ko mai tsada aka bari da toka yana kwana cikin raɓa, gindinsa zai ruɓe. Mai saye ya duba kaurin ƙarfen gindin, ya nemi mai farantin toka da ake cirewa, kuma kada ya kwara masa ruwa yana da zafi, domin ƙarfen yakan lanƙwashe.