Ba layi mai tafiya kaɗai ya ba Ford sauri ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa sirrin masana'antar motoci ta Ford da ke Highland Park, a jihar Michigan ta Amurka, shi ne layin da ke kai mota daga wannan ma'aikaci zuwa wancan. Layin ya zo ne daga baya, a 1913, shekara 3 bayan buɗe ginin da Albert Kahn ya zana.

Aikin da ya riga shi, wanda kuma ya fi wuya, shi ne ƙera kowane sashe daidai da ɗan'uwansa. A yawancin masana'antun lokacin, sai makaniki ya goge fistin ko giya da magagari kafin ya zauna. Mota mai tafiya a kan layi ba ta jiran wannan gyara: sashe ɗaya ya ƙi shiga, layi duka ya tsaya. Shi ya sa Ford ya girke injuna masu aiki ɗaya tak, har da wanda ke huda ramuka 45 a bulok ɗin inji lokaci guda.

Bayan haka ne aka gwada jan gangar jikin mota da igiya, sannan da sarƙa. A 1914 lokacin haɗa ta ya sauko daga kusan awa 12 da rabi zuwa minti 93.