Wa ya fita, wa ya shiga? Magana kan kalmar "replace"

Jama'a, yau kan wata kalmar Turanci zan yi magana, wadda rashin saninta ya ci mini kuɗi, kuma na ga tana rikita yaranmu 'yan makaranta a nan Garwa, arewacin Kamaru.

Ni kayan babur nake sayarwa. Yawancinsu daga Nijeriya suke zuwa ta Yola, kuma dillalina na Legas ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci, sai Turanci. Kafin azumin bara na ba shi odar kaca da tayoyi. Daga baya na ga kaca na da saura a shago, tayoyi ne suka ƙare. Sai na rubuta masa a WhatsApp: "substitute the chains for the tyres". Nufina ya cire kaca ya cika da tayoyi. Da kaya suka iso na yanka igiyar kwalin farko, kaca. Na biyu, kaca. Ko taya ɗaya babu. Na kira shi raina a ɓace, ya ce Alhaji, abin da ka rubuta shi na yi. Kuma gaskiyarsa.

Ga yadda abin yake. In ka ce "replace A with B", A ne ya fita, B ya maye gurbinsa. In kuwa ka ce "substitute A for B", A ne ya shiga, B ya fita. Wanda ka fara ambata a ɗaya shi ake cirewa, a ɗayar kuma shi ake sakawa. Mu da muka yi boko da Faransanci ma muna da wannan: "remplacer A par B" daidai yake da na farkon, "substituer A à B" kuma da na biyun. Abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne ƙwallo. Wanda ya saurari sharhin Turanci lokacin gasar cin kofin Afirka da aka buga wasu wasanninta a filin Roumdé Adjia na nan Garwa a farkon 2022 ya ji ana cewa "he was substituted", kuma ɗan wasan da aka fitar ake nufi. Shi ya sa nake ganin ɗan kasuwa ya riƙe "replace" da "with", ya bar ɗayar sai ya ƙware.

Amma ita kanta "replace" fuska biyu gare ta. Rannan autana yana tari, muka sayo maganin ruwa, a jikin kwalbar an rubuta "replace cap after use". Yayarsa, wadda ke shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, ta karanta ta ce wa uwarsu, Mama, an ce a canza murfi bayan an sha. Na shigo na tarar da ita durƙushe gaban kwandon tsofaffin kwalabe, tana gwada murfi ɗaya bayan ɗaya. Na ce 'yata, cewa aka yi a mayar da murfin inda yake. Faransanci ya raba su biyu, "replacer" (mayarwa) da "remplacer" (maye gurbi), harafi ɗaya tsakaninsu. Turanci ya haɗe su a kalma guda. Ita kuwa "remplacer" kaɗai aka ba ta a aji.

Nan ne abin ya taɓa ni. Tun 1961 Turanci yake harshen hukuma a Kamaru tare da Faransanci, amma yaronmu na arewa ta Faransanci yake koyonsa, harshen da shi ma aro ne a bakinsa. Da malami zai tsaya minti biyu ya ce da Hausa ko Fulatanci, wannan "mayar" ne, wannan kuma "maye gurbi" ne, wallahi ba za ta manta ba. Ina roƙon malamanmu, don Allah, kada su ji nauyin yin hakan.

Yanzu in zan ba da oda, layi biyu nake rubuta wa dillalin: abin da za a cire, da abin da za a saka. Kacar nan kuwa har yau akwai kwali guda a ƙarƙashin kanta.