Kaka, Ni Ba Jikanki Na Ba?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Kwana uku ke nan ina ɗauke da wata magana a ƙirjina. Na so in haɗiye ta in yi shiru kamar yadda muka saba, amma ta ƙi haɗiyuwa, don haka na ga gara in rubuta ta, ko Allah zai sa wata kakar ko wani kakan ya farga tun kafin kunnensa ya ji irin abin da nawa ya ji.

Da aka yi hutun makaranta, ɗana da ke aiki a Abuja ya kawo iyalinsa nan Argungu. Tun lokacin da ya kira ni ya ce sun baro Kontagora sun doshi Yawuri, ban sake zama ba. Na sa an yanka zabbi biyu, na aika kasuwa aka samo mini giwan ruwa mai kyau, aka tuƙa tuwon shinkafa da miyar sure, na fito da zannuwan gadon da ba a shimfiɗawa sai an yi baƙo na musamman. Wanda ya yi dukan wannan zirga-zirga cikin tsakar rana shi ne jikana da ke hannuna, yaro ɗan shekara 12, ɗan babban ɗana marigayi. Shi ya kai zabbin aka yanka, shi ya fige su, shi ya cika randuna, kuma shi ya share ɗakin da baƙi za su sauka, wanda dama a cikinsa yake kwana, sannan ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure ba tare da ya ce uffan ba.

Da motar ta tsaya a ƙofar gida, na fita da saurina ina cewa ga angona ya iso, ga kishiyata ta zo ƙwace mini gida, irin wasan da kowace kaka ke yi da jikokinta. Da aka zo rabon nama, cinyoyi da ƙirji suka tafi kwanon baƙi, shi kuwa na zuba masa wuya da fiffike. Washegari uban yaran ya ce zai kai su gidan tarihi na Kanta su ga kayan yaƙin Kabawa da kaburburan sarakuna, daga nan su leƙa Matan Fada inda ake bikin kamun kifi. Motar ta cika, sai na ce wa nawa na gida ya tsaya ya kula da awaki, ai shi kullum yana nan. Sai daga baya na gano cewa yaron da aka haifa a garin nan bai taɓa sa ƙafarsa cikin gidan tarihin ba, domin babu wanda ya taɓa tunanin kai shi.

Duk wannan bai sa na ga laifina ba. Abin da ya buɗe mini ido shi ne ranar da baƙi suka koma, wata maƙwabciyata ta shigo yi mini ban gajiya, ta ce, “Hajiya, ina labarin jikoki?” Na gyara zama na fara zuba mata: wannan ya zo na ɗaya a ajinsu, waccan ta haddace izu biyu, ƙaramin ya fara magana da Turanci, har na ɗauko waya na nuna mata hotuna. Jikana yana zaune bakin ƙofa yana ɗinke silifarsa da ta tsinke. Bayan matar ta fita, ya ɗago kai ya dube ni, ba da fushi ba, ba kuma da rashin kunya ba, ya ce da harshenmu na nan, “Kaka, ni ba jikanki na ba?” Sai a lokacin na tuna cewa mako biyu da suka wuce ya shigo da allonsa yana murna ya ce mini ya kai izu ashirin, na ce masa madalla ina tsintar shinkafa, ko kaina ban ɗaga ba.

'Yan uwana kakanni, mata da maza, mu ji tsoron Allah. Bambancin da muke nunawa tsakanin jikokinmu ya yi yawa, kuma mun saba da shi har ba mu ganinsa. Wanda ubansa ke turo kuɗi ƙarshen wata shi ne ɗan lele, shi ake ajiye wa ƙosai da ɗumi, shi ake ambata da suna a addu'ar asuba. Wanda ubansa ya rasu, ko yake fama da talauci, shi ne ɗan aike, shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne wanda ake fara tuhuma idan naira ɗari ta ɓace a ƙarƙashin matashi. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, jikan muke so ko aljihun ubansa? Ni dai na yi wa kaina wannan tambayar, kuma amsar da na samu ta hana ni barci, domin wanda nake kira angona sau biyu nake ganinsa a shekara, wanda kuma ke tashi cikin dare ya miƙo mini ruwa da maganin hawan jini ban tuna ranar da na yi masa wasan kaka na ƙarshe ba.

Ba kuɗi kaɗai ke jawo wannan ba. Akwai kakar da ba ta shiri da surukarta, sai ta sauke haushin uwa a kan ɗa, duk abin da yaron ya yi ta ce halin uwarsa ne ya ɗauko, alhali jinin ɗanta ne ke gudana a jikinsa. Akwai wadda aka saki uwar yaran aka bar mata su, ta riƙe su kamar an ɗora mata kaya, kullum tana yi musu gorin abinci. Akwai kakan da ke cewa 'ya'yan 'yarsa ba nasa ba ne, na wani gida ne, idan Sallah ta zo ya ɗinka wa 'ya'yan maza ya manta da su. Wannan ta ƙarshe ita ta fi ba ni mamaki, domin Hasan da Husaini, waɗanda Manzon Allah (SAW) ke ɗorawa a kafaɗarsa, 'ya'yan 'yarsa Nana Faɗima ne, kuma Umama da ya ɗauka yana salla da ita 'yar 'yarsa Nana Zainab ce. Ina muka samo tamu al'adar?

Kada wani ya ce yaro ne, bai san komai ba. Wallahi ya sani. Yaro yana ƙirga tsokar nama da idonsa tun kafin kwano ya iso gabansa, yana jin bambancin muryar da aka kira shi da ita da wadda aka kira ɗan uwansa, kuma yana adana duk wannan har ya yi furfura. Yawancin gabar da muke gani tsakanin 'yan uwa da 'ya'yan 'yan uwa, wadda ke fitowa fili ranar rabon gado ko ranar biki, a tsakar gidan kaka aka shuka ta. Mun karanta a Suratu Yusuf yadda maganar “an fi son wane a kanmu” ta kai 'yan uwa ga jefa ƙanensu cikin rijiya, kuma wannan a gidan Annabi ne, to ina ga gidajenmu? Mun kuma san yadda mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya nemi Manzon Allah (SAW) ya zama shaida, Manzo ya ƙi, ya umarce shi da ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa. Na san a kan 'ya'ya maganar ta zo, amma ban ga yadda zuciyar jika za ta fi ta ɗa jure wa wariya ba. Son zuciya ba a hannunmu yake ba, wannan gaskiya ce, sai dai rabon nama a hannunmu yake, sakin fuska a hannunmu yake, haka nan abin da harshenmu ke faɗa idan an tambaye mu labarin jikoki.

Akwai kuma abin da ya fi nama da tufafi nauyi, wanda da yawa daga cikinmu ba mu son a taɓo shi. Jikan da ubansa ya riga mu gidan gaskiya ba ya cin gadonmu matuƙar muna da ɗa namiji a raye, baffansa ya shamakance shi. Wannan hukuncin Allah ne, ba mu da ja a kai. Amma shari'ar da ta hana shi gado ita ce ta buɗe mana ƙofar wasiyya ga wanda ba magaji ba, har zuwa kashi ɗaya cikin uku na abin da muka mallaka, ta kuma halatta mana mu yi masa kyauta muna da rai da lafiya, ya karɓa a gaban shaidu. Uban wannan yaron ambaliyar 2020 ta cinye masa shinkafarsa a fadama, ta bar shi da bashi, shekara na zagayowa ciwo ya ɗauke shi, bai bar wa ɗansa ko akuya ba. Idan na faɗi yau ban rubuta komai ba, wanda ya fi kowa yi mini hidima shi ne zai tashi hannu rabbana, ina kwance a kabari ba ni da bakin gyarawa. Don girman Allah, duk mai maraya a hannu ya je wurin malamin da ya san ilimin gado ya tambaya tun yana numfashi.

Ku kuma 'ya'yanmu da Allah ya buɗa wa, ina roƙonku ku taimake mu a kan kanmu. Idan za ku yi wa yaranku tsaraba ko ɗinkin Sallah, ku tuna da ɗan ɗan uwanku da ke gida yana riƙe muku uwa. Idan kun ga mun fifita naku, kada ku ji daɗi ku yi shiru, ku gaya mana cikin ladabi, domin tsufa ba ya hana kuskure.

A daren da ya yi mini wannan tambaya, na kira shi bayan sallar isha'i, na zaunar da shi kusa da ni a kan darduma, na ce ya yafe mini. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba komai, Kaka.” Na san akwai komai, domin da na kai hannu na dafa kansa sai ya ɗan zabura, kamar wanda bai saba da hannun ba. Na ce ya ɗauko allonsa ya karanta mini inda ya tsaya, ya karanta muryarsa na rawa, ni kuma hawaye ya hana ni bin ayoyin. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan kama hannunsa mu je gidan tarihin nan mu biyu, kuma na riga na kira baffansa na ce ya samu lokaci ya zo mu zauna da malam a kan maganar gonar fadama. Ku taya ni roƙon Allah ya yafe mini abin da ya wuce, ya ba ni kwanakin da zan gyara. Ke kuma 'yar uwata da ke karanta wannan, idan akwai wani yaro zaune a bakin ƙofarki yanzu, ki ajiye wayar nan ki kira shi.