A bayyana mana waɗanda ake ba rijiyoyin mai

Na karanta labarin cewa hukumar NUPRC, mai kula da harkar haƙar man fetur a Najeriya, za ta sake ba da lasisin haƙar mai a tudu da teku. Madalla, amma su wane ne za su karɓa, kuma nawa za su biya? Dokar man fetur ta 2021 ta ce a yi gwanjon a bainar jama'a. To, a wallafa sunayen ainihin masu kamfanonin, ba 'yan gaban goshi da ake fakewa da su ba. Ba mu manta da rijiyar OPL 245 da aka ba kamfanin Malabu a 1998 ba, wadda ta jawo shari'a har Italiya.

Abin da ya fi damuna shi ne sa ido bayan an sa hannu. A ƙasar Ogoni da ke yankin Neja Delta, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsaftace wurin daga malalar mai zai iya ɗaukar shekara 30. Yanzu ga Kolmani, wurin da aka gano mai tsakanin Bauchi da Gombe, inda manoma da makiyaya ke shan ruwan rafi ɗaya. Wa zai riƙa gwada ruwan nan?

Mu a Kaduna, duk wanda ya bi hanyar Kachia yana ganin matatar mai tsit, ga tankoki na kawo mana fetur daga kudu.