Fiba a unguwar talaka: abin da rand biyar ta tabbatar a Kayamandi

Duk lokacin da aka tambayi manyan kamfanonin sadarwa me ya sa wayar fiba, wato wayar intanet ta zaren gilashi, ba ta wuce unguwannin masu hannu da shuni, amsarsu ɗaya ce: talaka ba zai iya biya ba. Wani kamfani a Afirka ta Kudu mai suna fibertime ya ƙaryata wannan magana a aikace, kuma ina ganin duk mai hannu a harkar intanet ya kamata ya tsaya ya duba yadda aka yi.

A shekarar 2022 kamfanin ya fara aiki a Kayamandi, unguwar baƙaƙen fata da ke gefen garin Stellenbosch, ɗaya daga cikin wuraren da mulkin wariyar launin fata ya killace ma'aikata. Ɗakunan kwano ne birjik, wannan jingine da wancan. Maimakon su haƙa rami su binne waya, sai suka kafa turaku suka rataya ta sama, daga turke ta sauka cikin ɗaki. Ba a karɓi kuɗin haɗawa ba, na'urar Wi-Fi ma kyauta aka sa wa mutane. Babu yarjejeniyar shekara, babu tambayar takardar albashi. Mutum ya biya rand biyar (rand shi ne kuɗin Afirka ta Kudu), ya samu intanet na awa 24 ba tare da ƙidayar data ba, da gudun da ya kai megabit 100 a daƙiƙa. Ran da babu kuɗi ya haƙura, ba wanda ke binsa bashi. Alan Knott-Craig, wanda a baya ya jagoranci shirin Wi-Fi kyauta a birnin Tshwane, shi ne ya assasa aikin, kuma daga Kayamandi abin ya bazu zuwa wasu unguwanni irin su Alexandra a Johannesburg, da kayan aikin kamfanin Nokia.

Wannan ba sadaka ba ce, kasuwanci ne, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Tsadar fiba tana wajen shimfiɗa ta: mita nawa za a ja kafin a kai gida ɗaya. A unguwar attajirai, inda kowane gida ke da katanga da fili da lambu, ana jan waya mai tsawo domin iyali guda. A Kayamandi turke ɗaya yana ciyar da ƙofofi da yawa. Cunkoson da ake ganin shi ne aibin unguwar, shi ya sauƙaƙa kuɗin aikin. Da zarar an ja wayar kuma, abin da ke gudu a cikinta haske ne cikin zaren gilashi, ƙarin bidiyo ɗaya ko ɗari ba ya ƙara wa kamfani wani kuɗi na a zo a gani. Ba haka hasumiyar salula take ba, inda jama'a ke rububin zango ɗaya, shi ya sa ake sayar da datarta a ƙidaye.

Ashe ba kuɗin ne talaka bai da shi ba, tsarin biyan ne ba nasa ba. Mai samun na yau ya ci yau ba ya sayen buhu, awo yake yi. Kamfanin da ya ce sai an biya na wata a dunƙule ya rufe masa ƙofa tun kafin a yi ciniki. Abin takaicin shi ne, wannan mutumin ya fi kowa sayen data da tsada. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Afirka ta Kudu ta tabbatar da haka a rahotonta na 2019: mai sayen ƙaramar data ya fi mai sayen babba biyan kuɗi a kan kowane megabait. Bayan rahoton ne Vodacom da MTN suka rage farashi a 2020. Shi kansa kamfanin fiba na Vumatel, wanda ya fara da unguwar masu hali ta Parkhurst a 2014, ya gangaro Mitchells Plain a 2019 da tsarin biya kafin amfani.

Tsarin yana da iyakarsa. Rand biyar kullum ta zama 150 a wata a kan kowace wayar hannu, don haka gidan da ke da wayoyi da yawa zai ji a jikinsa. Ƙauyen da gidaje ke warwatse ba zai ga wannan garaɓasa ba, domin lissafin cunkoso ne ke riƙe da ita. Duk da haka, ɗaliba da za ta sauke darasi cikin dare ba tare da tana leƙa sauran data ba, ko tela da zai tura wa mai kaya hotunan ɗinki ba da fargaba ba, sun san bambancin.

Duk wanda ya san Kurna ko Fagge a Kano, ko Rigasa a Kaduna, ya san cewa cunkoson da ake bukata muna da shi har da rara. To me ya hana? Wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 tun 2010 suka fara aiki a Legas, Equiano ta biyo baya a 2022, amma ɗauko intanet ɗin daga bakin teku zuwa Arewa shi ne ke cinye jarin ƙaramin kamfani. Sai kuɗin izinin bin hanya, wanda jihohi ke karɓa kafin a shimfiɗa waya a gefen titi. An daɗe da amincewa a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da dama suka yi ta karɓar dubbai, sai a 2020 Ekiti ta sauko kan farashin, Kaduna kuwa ta yafe gaba ɗaya. Ana cikin haka hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, da ya shigo a 2023 yana aiki, amma kuɗin faifansa kaɗai ya fi ƙarfin mai sayar da shayi.

Gwamnatin tarayya, ta bakin minista Bosun Tijani, ta yi alƙawarin shimfiɗa fiba mai tsawon kilomita 90,000. Ina goyon bayan aikin ɗari bisa ɗari, sai dai babbar waya da ta ratsa gefen titi ba ta shiga ɗakin kowa da kanta. Wanda zai ja ta cikin lungu shi ne ƙaramin kamfanin gari, wanda ya san mai unguwa, ya san shagon da za a ajiye katin biya, kuma idan waya ta tsinke da safe zai turo yaro da tsani kafin azahar. Irin wannan kamfani yana bukatar a sayar masa da intanet a kan sari da farashin da kowa ya sani, ba wanda ake rufa-rufa a kai ba. Yana kuma bukatar kamfanonin rarraba lantarki su ba shi hayar turakunsu da kuɗi tsayayye a rubuce, kuma ɗan kwangilar titi da ya datse masa waya ya biya gyara daga aljihunsa.